Tarihin Tantance Fassarar Keɓaɓɓun Kalmomi, daga Katunan Injiniyoyin Jamus zuwa Rumbunan Intanet

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin shirya littattafan yaƙi da jahilci ya san yadda gardama kan tashi a kan kalma guda. Wani ya kawo fassara, wani ya ce ba haka ake faɗi a Tawa ba, na uku ya ce shi wata dabam ya ji a rediyo, daga ƙarshe a ɗauki ta wanda ya fi shekaru ko ya fi murya. Turawa ma sun shafe fiye da shekara 100 suna fama da irin wannan a tsakanin harsunansu, musamman wajen keɓaɓɓun kalmomi, watau kalmomin da masu wata sana'a ko wani fannin ilimi suke amfani da su da ma'ana ƙayyadaddiya. Wannan maƙala za ta bi sawun hanyoyin da aka ƙirƙiro don tantance irin wannan fassara a ayyukan da hannu da yawa suka taru a kai. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, ba a iya auna fassarar keɓaɓɓiyar kalma da kalmar baƙon harshe ita kaɗai, sai an koma ga abin da kalmomin biyu suke nuni gare shi, an kuma san wanda ya kawo fassarar da inda ya samo ta.

Katuna miliyan 3 da ba su zama ƙamus ba

A farkon ƙarni na 20 ƙungiyar injiniyoyin Jamus, wadda ake taƙaita sunanta da VDI, ta ƙudura shirya babban ƙamus na dukan fannonin ƙere-ƙere cikin Jamusanci da Ingilishi da Faransanci. Aka sa masa suna Technolexikon, aka danƙa jagorancinsa ga wani masanin harshe, Hubert Jansen. Hanyar da aka bi ta yi kama ƙwarai da ta zamanin nan: aka roƙi kamfanoni da ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun injiniyoyi su riƙa aiko da kalmomin sana'arsu, ma'aikata kuma suna kwafe su a kan katuna, suna jerawa bisa tsarin abacada. Jama'a suka amsa kira. Ya zuwa 1907 katunan da aka tara sun haura miliyan 3. Da aka yi lissafi sai aka ga tace su da shirya su don bugawa zai ci wata shekara 40, saboda haka aka dakatar da aikin.

Ya kamata a tsaya a kan dalilin wannan faɗuwa, domin kalmomi dai an same su har sun yi yawa. Tsarin abacada yana raba abubuwan da suke ƴan uwa, yana haɗa waɗanda babu abin da ya gama su sai harafin farko. Idan katuna 5 suka zo da kalmar Jamusanci guda da fassarori 5 na Faransanci, mai tacewa ba shi da hanyar sanin ko mutum 4 ne suka yi kuskure, ko kuwa kowa ya yi daidai amma ƙarfe 5 dabam-dabam ake magana a kai. Sai ya koma ya tambaya, kuma tambaya miliyan ba ta ƙarewa.

A daidai wannan lokaci wani saurayin injiniya, Alfred Schlomann, ya ɗauki wata hanya. Juzu'in farko na ƙamusunsa masu zane ya fito a 1906, a kan sassan inji da kayan aiki, cikin harsuna 6: Jamusanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci, Italiyanci da Sifaniyanci. Kowane juzu'i fanni guda ya ɗauka, an jera abubuwa bisa dangantakarsu, kuma a inda ya yiwu akwai zanen abin a tsakiyar kalmomin. Injiniyan da aka ba shafi ya duba a Italiya ko a Rasha ba ya bukatar ya iya Jamusanci sosai, zane zai kalla ya ce ga sunan wannan a masana'antarmu. Zanen ya zama alƙali tsakanin harsunan. Ƙungiyar VDI da kanta ta koma ta goyi bayan wannan aiki, wanda ya kai juzu'i fiye da 15 kafin yaƙin duniya na biyu.

Daga zane zuwa ta'arifi

Amma fa ba kome ake iya zanawa ba. Ana zana ƙusa, ba a zana ƙarfin wutar lantarki. Hukumar duniya mai kula da daidaita al'amuran lantarki, IEC, wadda aka kafa a Landan a 1906, ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta fitar da ƙamusunta na farko a 1938, mai ɗauke da ma'anoni kusan 2,000. Abin lura a cikinsa shi ne, kowace ma'ana an ba ta lamba, an rubuta ta'arifinta da Faransanci da Ingilishi, sa'an nan aka rataya mata sunayenta a sauran harsuna, har da Esperanto. Watau an fara da yarjejeniya a kan abin da ake nufi, suna ya biyo baya.

Wanda ya mai da wannan dabara ilimi mai ƙa'idoji shi ne Eugen Wüster (1898–1977), injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, mai masana'antar zarto da kayan aiki a garin Wieselburg. Kundinsa na 1931 a kan daidaita harshen ƙere-ƙere tsakanin ƙasashe shi ya jawo kafa kwamiti na 37 na ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya a 1936, kwamitin da har yanzu yake riƙe da wannan lamba a ƙarƙashin ISO. A 1968 ya fitar da ƙamus na injunan sarrafa ƙarfe, wanda ya shirya wa hukumar tattalin arziƙin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai ma'anoni kimanin 1,400 cikin Ingilishi da Faransanci, da ƙarin Jamusanci. Adadin ba shi da yawa idan aka tuna miliyoyin Jansen, amma kowace kalma a ciki tana tafe da shaidarta: an nuna hukumar ƙasar da ta amince da ita, an nuna idan Ingila da Amurka sun saɓa, an kuma sa alama idan ma'anar kalma a harshe ɗaya ta fi ta ɗaya harshen faɗi ko ƙunci. Wannan alama ta ƙarshe ita ce babbar gudummawarsa ga masu fassara, domin ta halatta wa mai ƙamus ya ce kalmomin nan biyu sun yi kusa amma ba daidai suke ba, maimakon ya ɓoye bambancin a bayan alamar daidaito.

An soki Wüster daga baya, kuma sukar tana da tushe. Ya ɗauka ma'ana abu ce tsayayya wadda take gaban harshe, kowane harshe kuwa laƙabi kawai yake manna mata. Wannan ya dace da ƙusa da zarto. A fannin shari'a da mulki da lafiya, inda kowace al'umma take yanka duniya da wuƙarta, bai cika dacewa ba. Marcel Diki-Kidiri, masanin harshen Sango, yana cikin waɗanda suka nuna cewa yadda al'umma take ganin sabon abu yana shiga cikin sunan da take ba shi. Mai jin Bambara ya ga keke ya kira shi dokin ƙarfe, Bahaushe kuwa ya ga abin hawa a sama da kan dogo ya tuna jirgin da ya sani a kan ruwa.

Ƙugiyar Dubuc

Da kwamfuta ta shigo, katuna suka koma rumbunan kalmomi. Kanada ce ta fi matsuwa, saboda dokar 1969 da ta daidaita matsayin Ingilishi da Faransanci a ayyukan gwamnatin tarayya. Jami'ar Montreal ta fara gina rumbunta a farkon shekarun 1970, gwamnati ta karɓe shi a tsakiyarsu, shi ne ya zama TERMIUM. A nan ne Robert Dubuc ya tsara wata ƙa'ida wadda, a ganin masu aiki da yawa, ta fi dukan sauran sauƙin koyarwa. Ya bayyana ta cikin littafinsa na koyar da aikin keɓaɓɓun kalmomi na 1978, ya kira ta crochet terminologique, a iya cewa ƙugiya. Ga yadda take. A nemo nassi na asali a harshe na farko, wanda masu fannin suka rubuta, inda kalmar ta fito tare da bayanin siffofin abin. A nemo wani nassi na asali a harshe na biyu, wanda shi ma ba fassara ba ne. Idan siffofin da aka ambata a nassoshin biyu suka zo ɗaya, to ƙugiya ta kama, kalmomin biyu abu guda suke nufi. Idan ba su zo ɗaya ba, kome kamannin kalmomin, ba a tabbatar da kome ba tukuna.

A gwada wannan da kalmar shawara. Nassin likitanci na Faransanci a kan fièvre jaune zai ambaci ƙwayar cuta da sauro yake ɗauka, da zazzaɓi mai zafi, da allurar rigakafi. Idan aka saurari yadda Hausawa suke bayanin shawara, abin da zai fito shi ne idanu da fitsari sun canza launi, jiki ya mutu. Siffa ɗaya tak ta haɗa su, watau launin ido, kuma wannan siffa ita ce Faransanci yake kira ictère, alama ce da cututtuka da dama suke kawowa, har da ciwon hanta da amosanin jini. Saboda haka wanda ya rubuta cikin littafin karatun manya cewa allurar nan tana hana shawara ya yi alkawarin da allurar ba za ta cika ba. Ran da yaron da aka yi wa allura ya tashi da idanu rawaya saboda ciwon hanta, uwarsa da maƙwabtanta za su yanke hukunci a kan allurar, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Sai dai ƙa'idar Dubuc tana da sharaɗi mai nauyi ga harsuna irin Hausa, domin tana bukatar nassi na asali a harsunan biyu. A fannoni da yawa abin da aka rubuta da Hausa fassara ce, kuma auna fassara da fassara kamar kafa ɗan uwan mai ƙara shaida ne. Mafita ita ce a ɗauki bakin masu sana'a a matsayin nassi: ungozoma, da maƙeri, da makanike a gareji, da malamin gona, a naɗi maganarsu, a rubuta wuri da rana.

Taurarin Turai

Hukumomin Turai sun bi tasu hanya. Rumbun Eurodicautom ya fara aiki a 1975 don masu fassara na hukumar zartarwa, sauran hukumomi kuma kowace ta gina nata. A 1999 aka fara aikin haɗe su wuri guda, sabon rumbun mai suna IATE ya fara aiki a cikin gida a 2004, aka buɗe shi ga jama'a a 2007 da kalmomi fiye da miliyan 8. Tun da masu zuba kalmomi sun yi yawa, kuma ba su san juna ba, sai aka ba kowace kalma daraja daga tauraro 1 zuwa 4. Tauraro 1 yana nufin ba a tantance ba, 2 aminci kaɗan, kamar kalmar da ɗan harshen ya shigar ba tare da cikakken bincike ba, 3 abin dogaro ne wanda masani ya duba tare da madogara, 4 kuwa abin dogaro ƙwarai. Almajirin da ya karanta ilimin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya saba da tambayar wa ya ruwaito, daga wa, da kuma raba ingantacce da mai rauni.

Akwai darasi cikin abin da ya faru wajen haɗewar. Tsofaffin rumbunan kowane da ma'auninsa, da aka zuba su wuri ɗaya sai kalmomi masu yawa suka sami tauraro 3 kai tsaye, ba tare da an sake duba su ba, har jagoran aikin rumbun da kansa ya gargaɗi ma'aikata kada su amince da kowane tauraro 3. Ga kuma maimaici: ma'ana guda ta zo daga hukumomi 3 ko 4, kowace da katinta, wani lokaci da fassarori masu saɓani. Shekaru aka yi ana share wannan. Daraja dai ba ta da amfani sai an san wanda ya ba da ita da ranar da ya bayar.

Da ƙofa ta buɗe ga kowa

Duk rumbunan da aka ambata ma'aikata ne masu albashi suke cika su. A watan Oktoba na 2012 aka buɗe Wikidata, rumbun bayanai mai harsuna ɗaruruwa wanda kowa yake iya gyarawa. Ta wata fuska gininsa ya yi daidai da burin Wüster: kowane abu yana da lamba da ta fara da harafin Q, ba ta kowane harshe ba ce, sa'an nan kowane harshe ya rataya laƙabinsa da gajeren bayani da sauran sunayen da ake kiran abin. Amma akwai giɓi. Idan mutum ya shigar da yawan mutanen Maraɗi, tsarin ya ba shi wurin da zai nuna cewa daga ƙidayar 2012 ya samo. Idan kuwa ya shigar da laƙabin Hausa na wata cuta ko wani muƙami, babu gurbin madogara a jikin laƙabin, babu tauraro. Tarihin shafi yana nuna wanda ya rubuta da lokacin, amma ba ya nuna dalilinsa. Sashen ƙamus da aka ƙara a 2018 ya rage wannan giɓi, tun da a can kalma da ma'anoninta suna iya ɗaukar madogara da misalan amfani, kuma a 2021 an zaɓi Hausa cikin ƴan harsunan da za a fi mai da hankali a kansu a wannan sashe, tare da Ibo da Dagbani da Bengali da Malayalam.

Dogaron irin wannan aiki shi ne idanu da yawa za su ga kuskure. Ga Faransanci ko Jamusanci haka ne. Ga harshen da masu gyaransa kaɗan ne, abin ya sha bamban, kamar yadda aka gani a 2020, lokacin da aka gano cewa dubban maƙalun Wikipedia ta harshen Scots wani matashi ɗan Amurka ne ya rubuta su da kyakkyawar niyya, alhali bai iya harshen ba, aka kuma yi shekaru ba wanda ya tanka. Haɗarin ya ƙaru yanzu, domin injunan fassara suna koyo daga waɗannan rumbuna, masu gyara kuma suna kwafo daga injunan. Kalmar da mutum ɗaya ya ƙaga da dare tana iya dawowa bayan shekara ta fito a wurare 10, mai bincike ya ɗauka shaidu 10 ne.

Hausa tsakanin harsuna biyu

Aikin keɓaɓɓun kalmomi na Hausa yana da nasa tarihi. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a Arewacin Nijeriya a 1955 ta tace kalmomin aro da na fannoni. Taron UNESCO na Bamako a 1966, da taron Yamai a 1980, sun duƙufa ne a kan rubutu da daidaita ƙa'idojinsa. A Nijar buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973 ya tilasta samar da kalmomin lissafi da nahawu da kimiyya don aji. A Nijeriya an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi a 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, sai kuma na kalmomin majalisa cikin harsuna 4 a 1991. An sami nasarori na gaske, irin su ƙwayar sauti da ƙwayar ma'ana, waɗanda suka zauna daram a bakin ɗalibai.

Abin da ya keɓanta Hausa shi ne tana karɓar sababbin ma'anoni ta ƙofa biyu. Jerin da aka yi a Kano ko Zariya daga Ingilishi ya taso, wanda aka yi a Yamai daga Faransanci, kuma ba safai ake ajiye su gefe da gefe ba. Ko kalmar Turanci kanta ba abu guda take nufi a ɓangarorin biyu ba, shi ya sa ake jin Turancin Ingilishi da Turancin Faransa. A Nijeriya likita mutum ne, a Nijar kuwa ana jin mai ciwo ya ce zai tafi likita yana nufin gidan magani, mutumin kuma lokotoro. Biliyan na Ingilishi shi ne miliyar na Faransanci, billion na Faransanci kuwa ya ninka shi sau 1,000, kuskuren da zai iya shiga fassarar kasafin kuɗi ba a lura ba.

Kalmomin mulki sun fi wuya, domin a nan ne hanyar Wüster take gazawa. Jihar Katsina da jihar Maraɗi suna maƙwabtaka, suna kuma ɗauke da kalma guda. Ta farko ɓangare ce ta tarayya, gwamnanta zaɓaɓɓe ne, tana da majalisar da take yin dokokinta. Ta biyu yanki ce ta ƙasa mai dunƙulallen mulki, gwamnati ta tsakiya ce take naɗa gwamnanta. Haka gunduma da ƙaramar hukuma, kowace tana da nauyi dabam a kowane gefen iyaka. Mai gyara da yake zaune a Kano, idan ya ga abin da aka yi wa laƙabi da Ingilishi a rumbu, zai ba shi sunan da ya sani, ba tare da ya san cewa asalin ma'anar daga dokar Nijar ta fito, ta bi ta Faransanci, ta bi ta Ingilishi, kafin ta iso gabansa. A kowace gaɓa wani abu ya zube.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, bukatar kalmomin shari'a da mulki da lafiya za ta ƙaru, kuma yawancin masu nema a waya za su nema. Katin da zai amfani mai tsara littafin yaƙi da jahilci shi ne wanda ya ƙunshi ta'arifi da Hausa, domin malamin karkara ya iya cewa e ko a'a ba sai ya bi ta baƙon harshe ba, da takwarorin kalmar a Faransanci da Ingilishi duka biyu tare da alamar inda suka saɓa, da jimlar da aka ji kalmar a ciki, da garin da aka ji ta, da sunan wanda ya duba da shekarar. Inda Damagaram da Katsina suka bambanta a rubuta duka biyu, kowace da yankinta. Kalmar da kwamiti ya ƙirƙira amma ba a riga an ji ta a bakin kowa ba, a sa mata alamar cewa shawarar kwamiti ce, a kuma koma a dube ta bayan an koyar da ita shekara 2 ko 3 a cibiyoyin karatun manya.